Nomau Bai Je Badun Ba

Abokan zamana na ƙofar gida sun gaji da ni, ni ma na gaji da su. Duk ranar da hira ta yi sanyi sai wani ya ce, "Malam Cindo, ba mu labarin Badun." In na fara kuma, sai wanda ya ji bara ya riƙa gyara mini, wai ba haka na faɗa ba wancan karon. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi, mai son ji ya karanta, mai son gyara ya je Badun ɗin da ƙafarsa.

A lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Dogon Dutsi, Nasara na mulki, ni kuwa saurayi ne mai ji da Faransancinsa. Akwai wani Bafaranshe da ya yi ta zirga-zirga a Arewa, wato ƙasarmu ta Arawa, mutane suka sa masa suna Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa, da wuta ko babu. Shi ba kwamanda ba ne, ba kuma likita ba. Aikinsa bin tarihin tsofaffin dauloli, su Barno da Kabi da Sanwai, na zamanin da ko kakan kakansa bai san da mu ba. Da yake Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da cinikin ƙwai ba, ni nake yi masa tafinta in an tashi daga aji.

A haka muka iske Baba Arzika a wani ƙauye kusa da Geceme. Gajeren tsoho ne mai faɗa, zanen Arawa kwance a kumatunsa daga baki har kunne. Shi ke riƙe da tarihin ƙasar, yadda ya karɓa daga kawunsa. Ba ka taɓa ganinsa shi kaɗai, kullum akwai wani dogon mutum mai ɗingishi a hagunsa, sunansa Nomau, manomi, abokinsa tun suna tsaron tsuntsaye a gona. In Baba na ba da tarihi, Nomau ke amsa masa. Wani wurin ya ce "Hakanan na," wani wurin ya ce "Ɗan wa?" ko "Sai mi?" Wani lokacin ma gyaran murya kawai yake yi. In Baba ya kai ƙarshe sai ya juya ya ce, "Na hwaɗi daidai, Nomau?" Nomau ya ce, "Daidai na, Arzika." Kafin wannan amsa ba mai tashi daga tabarma, ko da akuya ta shiga rumbunsa.

Wata rana Mai Lofe ya zo da zumuɗi, ya ce masana tarihi za su taru a wata babbar makaranta a Badun, can kudu, a ƙasar da Ingilishi ke mulki. Suna haɗa littafin da za a riƙa karanta wa yara a makarantu, kuma a cikinsa babu Arewa ko layi ɗaya, don kakanninmu ba su bar rubutu ba. Ya ce in Baba ya je ya faɗi abin da ya sani a gabansu, za a sa mu. In bai faɗa ba, jikokinmu za su haddace sarakunan kowa ban da nasu. Wannan magana ta shiga Baba. Sai ya ce, "Mu tahi." Mai Lofe ya bar mini takardar wucewa, shi ya bi ta Yamai, ya ce sai mun haɗu can.

Mun tashi bayan an gama yankan hatsi, cikin wani kamiyo, babbar motar kaya, da ke kai fatu kudu. Ni na sa wando da kwat har da takalmi mai igiya. Baba ya ɗauko buzunsa da sanda da goran fura, Nomau ya rungumo sauran kayan duka. Ba mu yi nisa da Tibiri ba motar ta nutse cikin rairayi. Direba, wani Bazabarme mai zafin rai, ya ce kowa ya sauko a tura. Kowa ya sauko, har Nomau da ƙafarsa, ban da Baba.

"Tsoho, kai ba ka ji ba?"

"Ɗana, ni tarihi nika ɗauke da shi. In na sauko ya zube, kai za ka kwashe?"

"Hakanan na," in ji Nomau daga bayan mota, yana nishi.

Direban ya so ya yi fushi, dariya ta ci ƙarfinsa. Kwat ɗina kuwa tun a nan ta zama kalar ƙasa, ba ta sake komawa yadda take ba.

Da haka muka iso iyakar ƙasar Faransa da ta Ingilishi. Iyakar nan mun saba ƙetare ta kowace ranar kasuwa, ba mai ce mana kanzil. Matan garinmu da yawa daga can aka auro su. Amma ranar da ka zo da takarda, ranar ce ake ganinka. Ma'aikacin da ke zaune a rumfar bakin iyaka ya buɗe takardarmu, ya dube ta, ya dube mu.

"Mutum biyu aka rubuta. Mai tarihi da tafinta. Wannan dogon fa?"

Na ce tare muke. Ya ce aikinsa me? Ba makaɗi ba ne, ba bara ba ne, ba ɗan'uwa ba ne. Na ce shi ke amsa wa Baba in yana magana. Mutumin ya ce, "To, kai ba ka da baki ne?" Ya nuna mana cewa motar gwamnati da ke jiranmu a ƙetare da takardar jirgin ƙasa da masauki duk na mutum biyu ne, ba shi da ikon ƙara ko kaza. Ashe Mai Lofe, duk zaman da ya yi a tabarmar nan, ya ɗauka Nomau ɗan rakiya ne, irin masu zama kusa da tsofaffi don goro. Na yi magiya da Hausa, na yi da Faransanci, wanda bai amfane ni da komai ba a wurin. Baba ya ce in haka ne a koma gida. Nomau ne ya hana.

"Tahi, Arzika. Ba don ni anka kira taron ba."

"Wa za ya amsa mini?"

"Ga ɗan lakwal nan. An ce sun san komi."

Ya miƙa mini kayan, ya ƙulla wa Baba ɗan kilishi a bakin riga, ya juya. Muna cikin mota ina hangensa yana ɗingishi zuwa gindin wata tsamiya, bai waiwayo ba. Na ji tausayinsa ƙwarai, amma a raina na ce kewar aboki ce, kwana kaɗan za ta wuce.

Abin da ya fara tayar mini da hankali a ƙasar Ingilishi shi ne direbanmu ya hau hannun hagu ya miƙe. Na dafa kafaɗarsa na ce ya koma hannunsa kafin ya kashe mu. Ya ce ai shi ne hannunsa, mu ne 'yan Faransa muke tafiya a karkace. A Argungu aka kawo mana kifi wanda kansa ya kai ƙwarya, na ci har na ji kunya. Baba ya taɓa kaɗan ya ture. A Sakkwato muka sauka gidan wani Ba'are irinmu mai fataucin shanu, mutumin Matankari, wanda ya yi murna da mu kamar an kawo masa garinsu a kai. Da la'asar ya tara maƙwabta, ya ce Baba ya ɗan jiƙa musu kunne da labarin gida. Baba ya gyara zama, ya fara, ya kai wurin da mutanen farko suka sauka Lugu, tsohon garin kakanninmu, sai ya tsaya. Ya dubi hagunsa, ba kowa sai buta. Ya ce kansa na ciwo, a yi masa haƙuri.

Daga Gusau muka shiga jirgin ƙasa. Ban taɓa shiga ba sai ran nan, amma na yi fuskar wanda aka haifa a ciki. Baba ya shimfiɗa buzunsa a kan benci, ya ce tun da hanya na da nisa, in zauna hagunsa mu gwada. Na zauna. Ya fara, na ce "Na'am." Ya ci gaba, na ce "Na'am." Ya ƙara, na ce "Hakanan na." Sai ya tsaya ya harare ni.

"Mi a hakanan? Ban hwaɗi komi ba tukuna."

Muka sake. Wannan karon na yi shiru ina jira, ya yi shiru yana jira, har wata mai tallan gyaɗa ta shiga tsakaninmu ta wuce.

"Nan wurin tambaya za ka yi. Ka ce ɗan wa."

"Ɗan wa, Baba?"

"Ya wuce. Sunan ya taho, ka bar shi ya koma."

A nan na gane abin da ban gane ba a bakin iyaka. Tarihin nan ba a kan mutum ɗaya yake ba. Sunayen na wurin Baba, amma Nomau ne ya san inda ake jawo kowanne. Shekara da shekaru suna yi tare, har ya zama in Nomau bai tambaya ba, sunan ba ya fitowa. Ni kuwa "na'am" ɗin ɗan aji na iya, irin wadda ake yi in an kira suna da safe. Muna ta nisa da gida, ga masana can suna jira, ga tsohon da na ɗauko ya zama kamar rijiya ba guga.

A Zariya wani mutum ya shigo ɗakinmu, baƙi, kakkaura, da babbar riga da jakar littattafai. Ya yi sallama, ya dubi kumatun Baba, sai ya washe baki.

"A'a! Yau ga bayinmu a jirgi. Wa ya ba ku izinin fita?"

Na zabura zan yi magana, sai na ga zanen fuskarsa. Babarbare ne, taubashinmu. Tsakaninmu da su ba a fushi, ko me aka faɗa. Baba, wanda tun Sakkwato bai yi murmushi ba, ya ɗaga kai.

"Ɗan lakwal, matsa da kayanmu. Ɓarawon gishirin manda ya shigo."

Sunansa Malam Bukar, malami ne a wata makaranta a Barno, shi ma taron za shi, zai karanta abin da ya samo a tsofaffin takardun Larabci na ƙasarsu. Daga nan har Badun ba su bar juna sun huta ba. Malam Bukar ya cinye kilishin da Nomau ya ƙulla, ya ce haraji ne. Baba ya ɗauke masa hula ya zauna a kai. Da muka zo gadar Jaba, na leƙa na ga ruwa ba iyaka, na rufe ido ina salati, su biyun suka haɗu suka yi mini dariya. Na so in gaya wa Malam Bukar damuwarmu, Baba ya taka mini ƙafa. Ba ya son taubashi ya ji rauninsa.

Bayan gada abinci ya canza. Fura ta ɓace, aka shiga doya da man ja da barkono mai sa mutum ya tuna zunubansa. A wata tasha na sayi wani tuwo baƙi mai santsi, na kai baki, kafin in tauna ya riga ya wuce. Wani fasinja ya nuna mana itacen goro ta taga. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce duk tsawon rayuwarsa yana zaton goro a ƙasa ake tono shi kamar gujiya. Ya ce, "Da Nomau na nan da ba shi yarda."

Badun gari ne da ba ya ƙarewa, rufin kwano mai tsatsa ko'ina ka duba. Mai Lofe ya tarye mu a tasha. Da na gaya masa abin da ya faru a iyaka sai ya ɗaga kafaɗa, ya ce abin baƙin ciki ne, amma ai mai tarihin ya iso. Na yi ƙoƙarin bayani, ya ce in kwantar da hankalina, kowane mai jawabi yana jin tsoro kafin ya hau. Mutumin kirki ne, Allah ya sani, sai dai a wurinsu mutum ɗaya ke magana.

An sauke mu a ɗakunan ɗalibai, a saman bene. Baba ya taɓa katifar ya ce wannan ta masu jinya ce, ya shimfiɗa buzunsa a ƙasa. Da aka ce masa akwai wasu mutane a ɗakin da ke ƙarƙashinmu, sai ya ce ba shi kwana a kan 'ya'yan mutane, har sai da aka nemo mana ɗaki a ƙasa. A wurin cin abinci kowa da faranti nasa, da cokula iri-iri a jere kamar kayan wanzami. Ingilishi kuma suna da wata al'ada, kome ake yi, in la'asar ta yi sai a ajiye a sha shayi da madara, da wani ɗan biskit da ba ya isar yaro. Wannan kam ta yi wa Baba daɗi. Ya ce mutanen da suka san lokacin hutu ba za su rasa hankali gaba ɗaya ba.

Ranar farko muka zauna a baya muna kallo. Masanan nan sun zo daga ko'ina, farare da baƙaƙe, har da wata Baturiya da ta yi shekaru tana auna ganuwar tsofaffin birane. Yadda suke yi shi ne, mutum ya hau ya tsaya, ya buɗe takarda, ya yi ta karantawa. Sauran su yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar alƙalami. Ba mai cewa to, ba mai cewa ashe. Baba ya jure har mutum na biyu, sannan ya raɗa mini.

"Wanga bawan Allah, wane laihi yay yi musu?"

"Ba laifi, Baba. Girmamawa ce."

"A bar mutum shina magana shi ɗai awa mahaukaci, ita ta girmamawa?"

Da mutumin ya gama aka yi tafi. Baba ya waiwaya yana neman makaɗa. Bayan tafin ne ake tashi ɗaya bayan ɗaya, a fara da yabon mai jawabi, sannan a nuna masa duk abin da ya faɗa ba haka ba ne. Na ga dattawa biyu sun kusa cin kwalar juna a kan shekarar da wani sarki ya mutu, sarkin da ƙashinsa ma ya zama ƙasa. Da aka kawo shayi sai ga su tare suna dariya. Na so abin, gaskiya. Ban taɓa ganin mutanen da suka ɗauki matattu da muhimmanci haka ba sai mutanen Lugu.

Ranarmu ta zo da hantsi. Baba ya ƙi tsayawa, aka shimfiɗa masa buzu a kan dandamali. Mai Lofe ya ajiye wani akwati mai ɗaukar magana, da zare mai juyawa, ya kafa bakin abin daf da gemun Baba. Ni aka tsayar can gefe, in Baba ya faɗi kaɗan in juya da Faransanci, wani kuma ya juya da Ingilishi. Zauren ya cika har da ɗalibai a tagogi.

Baba ya yi bisimilla, ya fara. Ya faɗi zuwan mutanen farko, na fassara. Ya kai inda rundunar Barno ta biyo ta ƙasarmu za ta yaƙi Kabi, da ɗan sarkinsu a ciki, ya sauka gidan mai ƙasa. Sai ya tsaya. Ya dubi hagunsa. Mutum ɗari da wani abu suna kallonsa, alƙaluma a sama, ba mai motsi. Zaren akwati na ta juyawa. Na ce "Sai mi, Baba?" daga inda nake, muryata ta fito kamar ta ɗan akuya. Bai ko dube ni ba. Na ga hannunsa na lalubar sandarsa, na san tashi zai yi. Na ce shi ke nan, mun zo Badun shan shayi.

Sai wata murya ta taso daga can ƙarshen zaure.

"Ai ɓatan hanya ya yi! In ba haka ba, me zai kai ɗan sarkinmu ƙauyenku?"

Malam Bukar ne. Ko ya lura da abin tun a jirgi, ko bakinsa ne kawai ya ƙi zama, bai taɓa gaya mini ba. Shugaban taron, wani farin tsoho, ya buga tebur yana cewa a yi shiru. Baba kuwa ya saki sanda ya miƙe wuya.

"Ɓatan hanya? Yunwa ta koro shi! Mu munka ba shi hura, munka ba shi ɗiya!"

"Ɗiyar wa? Ko baiwa kuka ba shi?"

"Ɗiyar mai ƙasa, kai marar kunya!" Sai sunan ya fito, da na ubanta, da na rijiyar da aka ɗaura auren kusa da ita.

Daga nan ba wanda ya iya tsayar da shi. Na buɗe baki zan fassara, Mai Lofe ya ɗaga mini hannu, ya ce in bari sai daga baya. Shugaban ya ajiye abin bugun teburinsa. Malam Bukar bai san wuraren tambaya ba, amma duk inda Baba ya ja numfashi sai ya jefo tsokana, tsokanar kuma ta jawo suna. Ɗaliban da ke jin Hausa a tagogi suka fara "Ashe!" da "To fa!" Baba ya bi sarakuna ɗaya bayan ɗaya, da garuruwan da suka kafa, da yunwar da aka yi a zamanin kowanne. Ya yi tuntuɓe a wurare, ya tsallake wasu, ni na sani. Amma ya kai ƙarshe. Da ya kai, sai ya juya hagunsa yadda ya saba.

"Na hwaɗi daidai, Nomau?"

Ba wanda ya san abin da ake cewa, ko Malam Bukar. Ni na sani, amma ba sunana aka kira ba. Aka yi shiru mai tsawo, sannan aka ɓarke da tafi. Baba bai ji daɗin tafin ba, ya naɗe buzunsa ya sauko.

Sauran kwanakin masana suka yi ta zuwa ɗakinmu da tambayoyi. Wasu sun yarda, wasu sun ce ɗan sarkin nan bai kai daɗewar da Baba ke faɗa ba, Malam Bukar ma yana cikinsu, da gaske wannan karon. Suka yi ta musu har muka rabu a Zariya, inda ya cire hularsa ya ɗora wa Baba, ya ce tun da ya riga ya zauna a kanta ta zama tasa. Amma an sa Arewa a littafin. Shafi ɗaya ne da ɗan ƙari, na koyar da shi da bakina shekaru da yawa bayan haka.

Da muka dawo gida aka yi ta zuwa barka da zuwa. Nomau ya zo, ya gaida Baba, ya karɓi goron da aka kawo masa, amma bai tambayi komai ba. Da na fara ba shi labari sai ya ce, "An ce wani Babarbare ya amsa mishi, kuma abin ya yi kyau. To, madalla." Na ce masa Baba ya kira sunansa a gaban duk masanan nan. Ya yi ɗan murmushi.

"Ɗan lakwal, ba sai ka lallashe ni ba. Ni ba yaro ba na."

Baba kuwa ba mutumin da zai faɗi irin wannan da bakinsa ba ne. Sun ci gaba da zama tare, amma mutanen ƙauyen sun ce ba a sake shimfiɗa tabarmar tarihi ba, kowannensu na jiran ɗan'uwansa ya fara. Damina ta shigo, kowa ya tafi gona. Kafin hatsi ya nuna Baba ya kwanta, bai tashi ba.

Bayan shekara ta kewayo Mai Lofe ya dawo. Ya ce a wurin taron an yi shawara cewa bai kamata a ɗebi tarihin mutane a kai birni a rufe ba, a mayar musu su ji. Ranar kasuwar Dogon Dutsi bayan la'asar aka kafa tebur a inuwa, aka jawo waya daga motarsa. Ya yi jawabi ina fassarawa, kuma ya ɗanɗana irin namu sauraron: bai kai ƙarshen magana ɗaya ba sai an tambaye shi, wata tsohuwa mai daddawa ma ta ce masa ƙarya ne. Ya yi gumi, amma na ga yana jin daɗi. Sannan ya kunna akwatin.

Muryar Baba ta fito, har da tarinsa. Mata suka yi salati, wasu suka ja da baya. Da yake bakin abin daf da gemunsa aka kafa, shi kaɗai ya ɗauka. Malam Bukar da ɗaliban tagogi ba a jin su sam. Sai ya zama Baba na magana, ya yi shiru, ya ci gaba, ya yi shiru, kamar yana jiran wani.

A shiru na uku ne na ji "Ɗan wa?" daga cikin jama'a. Akwatin ya ba da sunan. Mutane suka buɗa, sai ga Nomau ya ɗingiso, ya rame, ya zagaya ya zauna a ƙasa hagun teburin. "Hakanan na." "Sai mi?" Kowace amsa ta faɗa gurbinta. Da aka zo inda Baba ya ce "kai marar kunya," Nomau ya ce, "Wannan ba da ni kake ba," aka yi dariya, wasu na share ido. Inda Baba ya tsallake sarki, Nomau ya girgiza kai ya faɗi sunan a hankali. Mai Lofe ya cire lofen daga bakinsa, ya dube ni.

Har aka zo ƙarshe. Muryar ta ɗan yi nisa, don a lokacin Baba ya juya kansa hagu.

"Na hwaɗi daidai, Nomau?"

Nomau ya ɗaga kai ya dubi akwatin. Shirun nan na Badun ya biyo baya, da tsawonsa duka, kasuwa ta yi tsit. Na ji tsoron tafin Turawa zai riga shi. Bai riga shi ba.

"Daidai na, Arzika."

Sai a lokacin mutane suka fara tashi.